Tebur Biyu a Gidan Marigayi

Tun da kun tako har gida kun zauna, zan gaya muku abin da na sani, amma ku yi haƙuri, ba zan gajarta ba. Na ji an ɗauke ku aikin zagayawa da baƙi a duwatsunmu na nan Birnin Kudu, inda zanen mutanen da yake. Na kuma ji abin da ɗayanku ya faɗa a teburin mai shayi, wai aikin ba komai ba ne illa mutum ya haddace labari ya riƙa maimaitawa. Ban ji haushi ba, don ni ma haka na ɗauka da farko. Sunana Habu, haifaffen Surko. Shekara talatin da ɗaya na yi ina kula da tsohon gidan shugaban ƙasa, can kudu a bakin teku, gidan da aka mayar wurin ajiye tarihi bayan gwamnati ta tashi daga garin. Shugaban da gidan ya fi shahara da shi ya rasu tun kafin in je. Mu ma'aikata ba ma kama sunansa, Marigayi kawai muke cewa, kuma haka zan kira shi a nan.

Kafinta ne ni kafin in zama komai. A nan cikin gari na koya, kusa da tasha, ina yin benci da ƙofa da gadon amare. Wani kawuna da ke masinja a can ne ya aiko cewa ana neman wanda ya san katako. Na ɗaure zarto da guduma da samfefa a buhu na hau mota.

Aikin farko da aka ba ni kujera ce guda ɗaya, ta ɗakin cin abinci. Wadda ta ba ni ita ce Malama Rifkatu, shugabar sashen adana kaya, 'yar ƙasar Filato, gajeruwa, mai tabarau da take ratayewa da zare a wuya. Hausarta ta fi tawa tsabta. Na dubi kujerar na ga hannunta na dama ya goge, fentin ya ci har katakon ya fito fari. Na kwance buhuna na zaro samfefa.

Ta ce, "Me za ka yi da wannan?"

Na ce, "Zan goge ne in sake shafa mata, Mama. Kafin la'asar za ta koma sabuwa."

Ta ce, "Mayar da shi buhu. Wurin nan da kake gani ya goge, hannun mutum ne ya goge shi, shekara da shekaru. Idan ka kankare, hannun ka kankare. A nan ba ma mayar da abu sabo. Hana shi mutuwa kawai muke yi."

Ta miƙo mini burushi mai taushi irin na gashin akuya da ƙyallen auduga. Sati uku ina kan kujerar nan. Ta koya mini a fara daga sama a gangaro, a bi jijiyar katako, kada a hura da baki don numfashi yana da laima. Ta koya mini in kifa kujera in duba ƙarƙashinta, in nemi ɗan garin katako mai kama da tsaki, wanda shi ne alamar ƙwaro ya shiga. Ban sake kwance buhun nan ba sai bayan wata takwas.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu mai tsada a ciki. Burushi iri uku, safar hannu ta auduga, tocila don leƙa bayan kabad, da ƙaramin madubi a kan sanda. Kakin zuma muke shafa wa katako, kaɗan ƙwarai, sau biyu a shekara. Wanda ake sayarwa a can gauraye yake da kyandir, saboda haka duk hutun da na zo gida sai na je kasuwar Sara na sayi na gaske a hannun masu ɗebe zuma, in narka in tace da tsumma. Busasshen ganyen darbejiya ma daga nan nake kai shi, muna ɗaurewa a ƙyalle mu jefa cikin akwatunan tufafi saboda asu. Abokan gabarmu a garin nan su ne laima da iskar gishiri. Makullin da ka goge yau, kafin sati ya yi tsatsa. Takalmin fata kuwa kwana goma ya ishe shi ya yi fumfuna.

Sai fensir. Malama Rifkatu ba ta yarda a shigo mata sashe da biro ba. Kowane kaya a gidan yana da katinsa, daga gado har cokalin shayi, kuma da fensir ake rubutawa: lambarsa, ɗakin da yake, inda aka samo shi, da sunan wanda ya ce na Marigayi ne. Akwai kuma babbar rajista da waɗanda suka fara buɗe gidan suka cike da tawada tun kafin ita ma ta zo. Ita rajistar ce hukuma ta sani. Katunan nata ne, don kanta ta ƙirƙiro su.

Ninke babbar riga ma aiki ne da sai an koya. Marigayi ya bar riguna goma sha ɗaya a gidan. Idan aka bar riga a ninki ɗaya ta daɗe, zaren yana karyewa a kan layin, musamman wurin aikin wuya. Saboda haka farkon kowane wata mukan shimfiɗa farin zane a ƙasa, mu biyu mu ɗauko riga kamar ana ɗauko marar lafiya, mu warware, mu bar ta ta sha iska a inuwa, mu sake ninkewa a wani layin daban da takarda mai taushi a tsakani. Riga ɗaya takan ci awa guda. Akwai wata shuɗiya da aljihunta ya yage aka ɗinke da zaren da bai dace ba, baƙi a kan shuɗi. Na taɓa cewa a warware a gyara. Kallon da ta yi mini ya ishe ni amsa.

Shekara guda cur aka hana ni yi wa baƙo magana. Ina bin bayan masu zagayawa da su ina saurare, shi ke nan. Ranar da aka ba ni dama, 'yan makarantar sakandare ne, Malama Rifkatu tana tsaye a baya. Da muka shiga ɗakin kwana na ce musu Marigayi awa uku kawai yake barci saboda aikin ƙasa. Yaran suka yi ta mamaki, ni kuma na ji na iya. Bayan sun tafi ta kira ni.

Ta ce, "Wa ya gaya maka awa uku?"

Na ce, "Mai gadi, Mama."

"Mai gadin nan bayan rasuwarsa da shekara goma aka ɗauke shi. A ina ya ga barcinsa?"

Ta ce magana iri uku ce a gidan nan. Akwai abin da takarda ta nuna, akwai abin da wanda ya gani da idonsa ya faɗa, akwai kuma abin da ake cewa. Duk ukun ana iya faɗa wa baƙo, amma dole a gaya masa wanne ne yake ji. Ta ce yaron da ya ji abu a bakina zai rubuta shi a jarrabawa, wata rana ya zama malami ya koya wa wasu ɗari, kuma ba zan taɓa iya bin su in karɓo maganata ba.

Baƙi kuwa kowa da abin da ya kawo shi. 'Yan makaranta sun fi son banɗaki da tsohuwar wayar tarho mai lambobi a zagaye. Manya masu riguna hoto suke so, kuma ko da yaushe sai ɗaya ya nemi a cire igiya ya zauna a kujera. Koyon hana babban mutum abu ba tare da ka kunyata shi ba ya fi koyon shafa kaki wuya. Akwai tsofaffin da ke tsayawa a bakin ɗaki su yi addu'a su share ido. Akwai kuma waɗanda ba ƙauna ce ta kawo su ba.

Ina tuna wani dattijo da ya zo shi kaɗai wata Laraba, da sanda da jaka ta fata. Ya bar ni na gama bayanin makarantu da hanyoyin da aka yi a zamanin Marigayi, sannan ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce a wancan zamanin ne aka zo aka tafi da mahaifinsa saboda abin da ya rubuta a jarida, aka tsare shi wata goma sha huɗu babu shari'a, ya fito da ciwon da ya zama ajalinsa. Ya ce, "Wannan yana cikin abin da kuke koya wa yara?" Na ce babu. Ban yi masa gardama ba, ban kuma ba shi haƙuri a madadin kowa ba, don ba hurumina ba ne. Na kawo masa kujera daga ofishinmu na ma'aikata, na ɗauko kati da fensir na ce ya faɗa in rubuta. Awa biyu muka yi. Daga baya muka nemi jaridun lokacin, muka tarar maganarsa haka take. Tun daga nan, in na zo kan makarantu da hanyoyi, sai na haɗa da waɗanda aka tsare. Wasu baƙin ba sa so. Ba don su so ake faɗa ba.

Abin da kowa yake zuwa gani shi ne babban tebur na ofis a ƙasan bene. Baƙin katako ne mai nauyi, mutum shida ba sa ɗaga shi, samansa an shimfiɗa koriyar fata, ƙafafunsa an sassaƙa su kamar na zaki. Rajista ta ce a kansa Marigayi yake sa hannu a takardun mulki. Hotonsa har cikin littafin 'yan firamare yake. Ni nake shafa masa kaki, ni nake tsayawa a gefensa in ce, "A nan aka yanke shawarwarin da suka taɓa rayuwar kakanninku." Shekara goma sha huɗu ina faɗin haka, a rana sau biyar ko shida.

Sai muguwar shekarar ta zo. A lokacin Malama Rifkatu ta yi ritaya ta koma garinsu, ba ta shekara biyu ba Allah ya yi mata rasuwa, sashen ya dawo hannuna. Damina ta yi ƙarfi. Indararon rufin baya ya toshe, mun rubuta a gyara ba a zo ba, sai aka shiga hutun salla na kwana huɗu. Da safen da muka dawo na buɗe sito, ruwa ya biyo ƙafata. Silin ya rufto a kan kantocin takardu. Darduma uku sun ruɓe, littattafai sun kumbura sun manne, riguna biyu sun yi baƙar fumfuna da ba ta fita. Kafin wata ya ƙare gara ta biyo laimar ta shiga ƙasan bene.

Babbar asarar ita ce rajista. Tawadar ta narke, shafi bayan shafi ya koma shuɗin ruwa. Wata huɗu muna shanya takardu a inuwa, muna sa farar takarda tsakanin shafi da shafi, muna canzawa safe da yamma, fanka na kaɗawa. Abin da muka ceto daga rajistar bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Katunan Malama Rifkatu su ma sun jiƙe sun lanƙwashe, amma fensir ba ya narkewa. Da su muka fara sake gina tarihin kayan gidan, ɗaya bayan ɗaya.

Ina cikin wannan ne na zo kan katin babban tebur. Ban taɓa juya shi ba, don abin da na ɗauka na sani ne. A bayansa, da ƙaramin rubutunta, ta sa alamar tambaya, a ƙasa ta rubuta: "A tambayi Manu, mai yi masa hidima. An ce yana wajen Gwaram." Ko ta nema ba ta samu ba, ko aiki ya sha kanta, Allah ne ya sani. Ni da nake zuwa kasuwar Sara duk shekara, ashe mutumin yana kusa.

Na ɗauki hutu, na ari rikoda da kaset shida na taho. Kwana uku ina tambaya a Gwaram, daga masallaci zuwa wajen masu sayar da shanu, har wani mahauci ya ce ya san wani Baba Manu da ya yi aiki a gidan sarauta a kudu, yana wata ruga da ta zama ƙauye a hayin kogi. Ruwa ya cika, sai da kwalekwale na haye, rikodar a cikin leda a kaina.

Na same shi da hantsi a gindin tsamiya, a kan buzu. Dogo ne, siriri, farar yana ta rufe masa ido duka biyu. Asalinsu Fulani ne amma Hausa suke yi a gidan. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi daga inda nake. Sai ya ce, "Itacen mangwaron bayan kicin yana nan?" Na ce yana nan, Baba. Ya ce, "To zauna."

Na zo da hotunan kayan gidan, amma ba su da amfani a wurin wanda ba ya gani. Sai ya ce in bar hotuna, shi zai shiga gidan in bi shi. Ya fara daga ƙofar kicin, yana faɗin abin da ke dama da abin da ke hagu, matakala nawa ne zuwa sama, wacce ce take ƙara in an taka. Shekara tara ya yi yana yi wa Marigayi hidima, shi ke kai masa shayi, shi ke goge masa takalmi. Ya gaya mini agogon falo kyauta ce daga wasu baƙi, gadon ɗakin kwana kuwa ba shi ne na asali ba. Shuɗiyar rigar nan, ya ce Marigayi ne da kansa ya ɗinke aljihun da zaren da ya samu, don ana jiransa. Surukarsa ta kawo mana fura da nono, muka sha, muka ci gaba. Kwana biyu muna yi.

A rana ta biyu na kawo maganar teburin. Na kwatanta masa shi, da koriyar fata da ƙafafun zaki.

Ya ce, "Ban san shi ba."

Na ce, "Baba, babban teburin ofis na ƙasa."

Ya ce, "Ɗana, ni nake share ofishin nan kullum. Kujeru ne a ciki da ɗan teburin shayi, nan yake ganin baƙi. Babu wani tebur mai ƙafar zaki. In akwai shi, bayanmu aka kawo."

Na tambaye shi to a ina Marigayi yake aiki. Ya ce a barandar sama, a kan wani ƙaramin tebur na farin katako, irin na malamin makaranta, mai aljihu ɗaya. Ya ce da shi ya zo gidan, tun yana koyarwa yake da shi. Takardar alheri a kansa ya sa mata hannu, wadda ba ta alheri ba ma a kansa, kuma ya ga ranakun da ya sa hannu ya kasa cin abinci. Sannan ya ce, "In yana nan za ka gane shi. Ƙafarsa ɗaya ta baya ta gaza, yana rawa. Ni na sa masa guntun katako na buga ƙusa uku. Ni ba kafinta ba ne, duk ukun a karkace suka shiga."

Tun yana magana na san teburin. Yana ɗakin guga na bayan gida, mu da kanmu muke ɗora masa gwangwanayen fenti. Ranar da na koma ban ko ajiye jaka ba na wuce can, na sauke gwangwanayen na kifa shi. Ga guntun katako, ga ƙusa uku a karkace.

Na kai maganar wurin Darakta, wato shugaban gidan na lokacin. Mutum ne mai ilimi, bai daɗe da zuwa ba, kuma ruwan da ya ci sito ya riga ya jawo masa tambayoyi daga sama. Ya saurari kaset ɗin har ƙarshe, ya je ya ga ƙusoshin.

Ya ce, "Malam Habu, maganar tsoho ɗaya ce, makaho, bayan shekaru masu yawa. Teburin nan yana cikin littafin makaranta. So kake mu fito mu ce wa ƙasa ƙarya muke yi tun da aka buɗe gidan?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙarya muka yi ba, kuskure muka yi. Daga yau ne zai zama ƙarya."

Ya ce a bar komai yadda yake sai an sami takarda. A kan neman takarda yana da gaskiya, ban musa ba. Amma na gaya masa bakina ba zai ƙara faɗin waccan maganar ba. Na ci gaba da zagayawa da baƙi, in mun zo ofis in ce, "Rajista ta ce a nan yake sa hannu. Wanda ya yi masa hidima shekara tara ya ce bai taɓa ganin teburin nan ba." Sati biyar aka yi haka. Sai wani babban baƙo ya zo da tawaga da masu ɗaukar hoto, ya dafa teburin ya tambaye ni a gaban kowa ko nan ne wurin. Na ba shi amsar da nake ba kowa. Washegari aka ba ni takarda cewa an mayar da ni sito, ba ni ba baƙi.

Kusan shekara uku na yi a siton nan. Ƙarin girman da nake jira ya wuce ni, waɗanda na koya wa aiki suka zama suna sa mini hannu a takardar hutu. Na yi tunanin tattara kayana in dawo Surko in kama noma. Abin da ya riƙe ni, aiki ne a gabana ba wanda zai yi. Na ɗauko ƙaramin teburin na shigar da shi sito. Ɗigon fenti na cire da tsinke, ɗaya bayan ɗaya, ban sa masa samfefa ba. Da dattin ya tashi sai ga tabon tawada a kusurwar dama, ga zoben da kofin shayi ya bari, ga wani wuri a gefe da ya lotsa inda gwiwar hannu take zama. Na buɗe masa kati, na rubuta sunan Baba Manu a matsayin wanda ya faɗa.

Takardar kuwa gara ce ta kawo ta. Ta kama ƙafar babban teburin, aka rasa wanda zai iya kwance shi ba tare da ya fasa ba, dole aka kira ni. A nan ne zarto da gudumata suka yi rana. Da na zare aljihun ƙasa, sai ga wata takarda manne a bayansa, ta kamfanin da ya kawo teburin, da hatimi da ranar da aka sauke shi a gidan. Shekara huɗu ne bayan Marigayi ya bar mulki. Wani daga cikin waɗanda suka zauna a gidan bayansa ne ya saya. Ban taɓa takardar ba. Na aika a kira Darakta ya gani a inda take.

Ya sunkuya da tocila ya karanta, ya sake karantawa. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa ya ce, "Malam Habu, rubuta sabon kati." Bai ƙara komai ba, ni ma ban nema ba. Shi da kansa ya rubuta wa masu buga littafin makaranta. Babban teburin muka bar shi a ofis da bayaninsa na gaskiya, don shi ma ya zama tarihi. Ƙaramin muka hau da shi barandar sama, muka zagaye shi da igiya. Na ajiye shi yana kallon teku, don nan ne iska take shigowa, kuma nan ne ya fi kyau a hoto.

Da rani na zo gida, na haye wurin Baba Manu. Kogin ya janye, da ƙafa na taka. Na tarar ya rame, ba ya iya fitowa gindin tsamiya, yana kwance a rumfar ƙofar ɗakinsa. Na gaya masa an sami teburin, an sami ƙusoshinsa, an mayar da shi baranda, kuma sunansa yana rubuce a katin teburin. Ya yi hamdala. Sai ya ce, "Ina ya fuskanta?"

Na ce, "Teku, Baba."

Ya girgiza kai a kan matashi. Ya ce, "A'a. Baya yake ba teku. Ƙofar gida yake kallo. Ya ce in ya zauna yana so ya riƙa ganin wanda 'yan sanda suke kora. Wani lokaci ya aike ni in shigo da mutum, wani lokaci ya gani ya kau da kai. Amma kullum yana gani." Ya kama hannuna ya ce, "Ka je ka juya shi."

Ban sake ganinsa ba. Kafin damina ta faɗi aka aiko mini ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Ranar da na koma aiki, da yamma bayan baƙi sun ragu, na kira abokin aikina muka cire igiya, muka ɗaga teburin muka juya shi. Na gyara katin da fensir. Sannan na tsaya a bayansa, daidai inda kujera take, na duba. Ga ƙofar gida nan tas, da ɗakin masu gadi, da titi. A daidai lokacin wata mata ce tsaye a waje da 'ya'yanta mata biyu cikin kayan makaranta, da alama daga nesa suke, mai gadi yana nuna mata agogon hannunsa yana girgiza kai. Saura minti goma a tashi.

Na sauka na ce a buɗe musu.